Ƙidayar Ambato a Matsayin Ma'aunin Tasirin Bincike: Darasi Daga Kuzar Jos da Ayyukan Bernd Matthias

1.0 Gabatarwa

A da, idan malamin jami'a ya nemi ƙarin girma, akan tattara ayyukansa a aika wa manyan masana fanninsa su karanta, su faɗi ra'ayinsu. Wannan al'ada tana nan ba ta gushe ba, sai dai an yi mata kishiya. A yau jami'o'i da dama a Nijeriya sukan ƙara da tambayar ko mujallar da aka buga aikin tana cikin manyan rumbunan ƙididdiga na duniya, da kuma ko sau nawa wasu masana suka ambaci aikin a rubuce-rubucensu. Wannan ma'auni daga fannonin kimiyya ya taso, amma ga shi ana ɗora shi a kan mai nazarin karin sautin Hausa da mai nazarin waƙoƙin baka. Don haka ya zama wajibi manazarta harshe su san asalinsa da yadda yake aiki.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wannan ma'auni ta hanyar gwada shi a gidansa, wato a kan ayyukan wani masanin kimiyyar kayan ƙira, Bernd Matthias (1918–1980). An zaɓe shi ne saboda ɗaya daga cikin fitattun abubuwan da ya gano gami ne na ƙarafa biyu waɗanda ƙasar Jos ta shahara da su. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ƙidayar ambato tana auna yawon da suna ya yi a cikin wasu keɓaɓɓun mujallu ne, ba ta auna dukkan amfanin aiki ba, ko da a fagen da aka ƙirƙire ta dominsa.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

A wannan maƙala, “ambato” na nufin kawo sunan wani aiki da marubuci ya yi a cikin nasa aikin don nuna inda ya samo bayani. “Yawan wallafa” shi ne adadin maƙalu da littattafan da masani ya fitar. “Ƙidayar ambato” kuwa ita ce lissafin sau nawa aka ambaci waɗannan ayyuka. “Kimiyyar kayan ƙira” reshe ne da ya haɗa kimiyyar sinadarai da fizik, inda ake gama sinadarai don samar da sababbin abubuwa masu halaye na musamman, kamar ƙarfen da ba ya tsatsa ko tangaran mai jure zafi.

3.0 Asalin Ƙidayar Ambato

Danganta ilimi ga mai shi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Sai dai isnadi baya yake kallo, yana amsa tambayar “daga wa ka ji?” Abin da Eugene Garfield ya kawo shi ne juya silsilar ta kalli gaba, ta amsa tambayar “su wa suka ji daga gare ka?”

Garfield Ba'amurke ne da ya fara da karatun kimiyyar sinadarai, sannan ya yi digirinsa na uku a fannin ilimin harshe a Jami'ar Pennsylvania a 1961, inda ya yi nazarin yadda za a juya sunayen sinadarai zuwa alamominsu ta hanyar ƙa'ida. Ke nan mai wannan ma'auni ɗan gida ne a wurinmu. A 1955 ya buga maƙala a mujallar Science yana ba da shawarar a yi wa kimiyya fihirisar ambato irin wadda lauyoyin Amurka suka daɗe suna amfani da ita wajen bin sawun hukunce-hukunce. A 1964 fihirisar tasa, Science Citation Index, ta fara fita a kai a kai. Manufarta ta farko ita ce sauƙaƙa wa mai bincike neman ayyukan da suka danganci nasa. Auna mutane da ita daga baya ya zo.

Ma'aunai biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne ma'aunin tasirin mujalla: a ƙirga ambaton da aka yi a shekara guda ga maƙalun da mujallar ta buga a shekaru biyun da suka gabata, a raba da adadin maƙalun. Na biyu shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch na Jami'ar California da ke San Diego ya gabatar a 2005. Alal misali, idan masani yana da maƙalu 12 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 12, sauran kuwa ba su kai haka ba, to ma'auninsa 12 ne. A 2004 aka buɗe rumbunan Scopus da Google Scholar, waɗanda suka sa wannan lissafi ya zo hannun kowa.

4.0 Kuza da Kolumbait a Ƙasar Jos

Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, ana zuba dalmar siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Irin wannan dalma ce ta ja hankalin Kamfanin Neja, ya aika da masu binciken ma'adinai su nemo tushenta a farkon ƙarni na 20. Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka cika tsaunukan Jos, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya isa Jos da Bukuru a 1914. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kame Malaya, gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza ala tilas, kuma a 1943 abin da aka haƙa ya haura tan 17,000.

Tare da kuza akan sami wani baƙin ma'adini mai nauyi da ake kira kolumbait. Da farko shara aka ɗauke shi, ana tace shi a zubar. A shekarun 1930 aka fara sayar da shi, domin daga cikinsa ake fitar da ƙarfen niyobiyam, wanda ke ƙara wa baƙin ƙarfe ƙwari da jure zafi. A farkon shekarun 1950, zamanin yaƙin Koriya, Amurka ta shiga sayensa tana tarawa saboda injunan jiragen sama, har aka koma ana tone tsofaffin juji don tsince abin da aka zubar. A wannan lokaci Nijeriya ce ke samar da mafi yawan kolumbait ɗin duniya. Wannan matsayi ya daɗe da kuɓucewa: yanzu Brazil ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam, kasuwar kuza kuma ta rushe a watan Oktoba 1985, ta bar wa Jos da Bukuru da Barikin Ladi ɗaruruwan kududdufai.

5.0 Bernd Matthias da Ayyukansa

An haifi Matthias a Frankfurt ta Jamus a 1918. Ya yi digirinsa na uku a Zurich a 1943, ya ƙaura Amurka a 1947, ya yi aiki a ɗakunan bincike na kamfanin Bell, sannan daga 1961 ya zama farfesa a San Diego, jami'ar da Hirsch ya fito da ma'aunin h daga baya. Ya rasu a 1980. Duk da cewa fizik ya karanta, aikinsa na mai gama sinadarai ne: ya narka wannan da wancan, ya sanyaya, ya gwada.

Abin da yake nema shi ne abubuwan da lantarki ke gudana a cikinsu ba turjiya. Kowace waya da muka sani tana yi wa lantarki turjiya, shi ya sa take ɗaukar zafi, ƙarfin wutar yana raguwa. A 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya gano a Leiden cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa kimanin digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, turjiyar takan ɓace gaba ɗaya. Matsalar ita ce tsananin sanyin da ake buƙata, da kuma yadda ƙarfin maganaɗisu kaɗan ke rusa wannan hali. Matthias da abokan aikinsa sun gano ɗaruruwan abubuwa masu wannan hali, kuma a 1955 ya buga wata ƙa'ida da ya samo daga gwaji, mai nuna irin gamin da ya fi dacewa a nema. Ita ce tushen abin da ake kira “ƙa'idojin Matthias”.

A 1954, lokacin da kasuwar kolumbait ke ci a Jos, Matthias da Geballe da Geller da Corenzwit suka buga gajeriyar maƙala a mujallar Physical Review. Sun nuna cewa gamin da ke da ƙwayar niyobiyam uku ga kowace ƙwayar dalmar kuza ɗaya yana rasa turjiya a kimanin digiri 255 ƙasa da sifiri, wanda a lokacin babu abin da ya kai shi. Wato ƙarfen kolumbait da ƙarfen kuza, waɗanda lebura ke wahalar rabawa a bakin kududdufi, su ne aka sake gamawa. A 1961 J. E. Kunzler da abokansa a kamfanin Bell suka nuna cewa wannan gami yana ɗaukar lantarki mai yawa ko da a cikin maganaɗisu mai tsananin ƙarfi. Daga nan aka buɗe ƙofar ƙera manyan maganaɗisu. Na'urar MRI ta asibiti galibi da gamin niyobiyam da titaniyam take aiki, amma inda ake buƙatar ƙarfin da ya wuce haka, kamar tashar gwaji ta ITER da ake ginawa a kudancin Faransa, gamin niyobiyam da dalma ake amfani da shi, har ɗaruruwan tan. A 1979 ƙungiyar masana fizik ta Amurka ta ba Matthias da Kunzler da John Hulm lambar yabo kan sababbin kayan ƙira.

6.0 Abin da Ƙidaya Ke Kamawa da Abin da Take Zubarwa

Babu shakka masani irin Matthias ƙidaya za ta nuna shi, domin ya wallafa da yawa, cikin Ingilishi, a mujallun da fihirisa ta fara da su. Amma ko a kansa akwai giɓi huɗu.

6.1 Jinkirin Tasiri

Tsakanin maƙalar 1954 da gwajin 1961 shekara 7 ne, tsakaninta da manyan na'urorin da ke amfani da gamin kuwa shekaru gommai ne. Ma'aunin tasirin mujalla shekara biyu kawai yake dubawa. Da an yanke wa maƙalar hukunci a 1956, da an auna ta kafin a san babban amfaninta. Idan haka ta faru a kimiyya, inda ake saurin ambato, ina ga nazarin harshe, inda har yau ake komawa ga ƙamusun Bargery na 1934?

6.2 Narkewar Suna

Masanin zamantakewa Robert Merton ya lura cewa idan ilimi ya karɓu ƙwarai, sunan mai shi kan narke a cikinsa, a daina ambatonsa. Injiniyan da ke naɗa wayar maganaɗisu a yau ba ya jin wajibi ne ya ambaci maƙalar 1954, kamar yadda mai gini ba ya ambaton wanda ya ƙago siminti. Muna da irin wannan a gida. Tsarin rukunan aikatau bakwai na Hausa F. W. Parsons ne ya shimfiɗa shi a 1960, amma ɗalibai nawa ne ke rubuta “rukuni na biyu” ba tare da kawo sunansa ba? A nan ƙarancin ambato shaidar cin nasara ne, ba shaidar rashin tasiri ba.

6.3 Ambato Ba Yabo Ba Ne

Ƙa'idojin Matthias sun karkata ga ƙarafa da gaminsu. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller na kamfanin IBM a Zurich suka gano wannan hali a cikin wani irin tangaran mai ɗauke da jan ƙarfe da iskar oksijin, inda ƙa'idojin ba su nuna a duba ba, kuma suka sami kyautar Nobel a 1987. Tun daga nan akan ambaci ƙa'idojin sau da yawa don a nuna iyakarsu. Na'urar ƙidaya kuwa ba ta bambance ambaton amincewa da na suka; duk ɗaya take rubutawa. Haka kuma maƙalar da ke bayyana hanyar gwaji takan fi mai kawo sabon tunani samun ambato. A jerin da mujallar Nature ta fitar a 2014, maƙalar da ta zo ta ɗaya a tarihi ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951 kan hanyar auna furotin, wadda aka ambata fiye da sau 300,000.

6.4 Waɗanda Ba Su Shiga Rajista Ba

Giɓi mafi girma shi ne na abin da fihirisa ba ta taɓa gani ba. Maƙeran Liruwe sun san yadda ake gina tanda da hura zuga da raba dalma da dattinta, wanda ilimin kayan ƙira ne tsantsa, amma da yake a baka da aikin hannu ya gudana, a ƙidaya sifiri ne. Bugu da ƙari, ba duk rubutaccen ilimi ne ke shiga ba. Rahoton hukuma da kundin digiri da mujallar sashe da aka buga kwafi ɗari biyu ba sa cikin manyan rumbuna. Masanin sinadarai a Jami'ar Jos ko a Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos yana iya warware matsalar tace ma'adini ko ta ruwan kududdufi, al'umma ta amfana, amma idan a irin waɗannan wurare ya wallafa, lissafi zai wuce shi. Tun a 1995 W. Wayt Gibbs ya ja hankali kan wannan a mujallar Scientific American, inda ya nuna yadda binciken ƙasashe masu tasowa ke ɓacewa saboda fihirisa ba ta ɗauke shi ba.

Masu ma'aunin su kansu sun yi gargaɗi. Garfield ya sha nanata cewa bai dace a auna mutum da ma'aunin mujalla ba. Sanarwar San Francisco ta 2012 da ƙa'idojin Leiden na 2015 sun nemi lissafi ya zama mai taimaka wa hukuncin masana, ba ya maye gurbinsa ba. Hirsch ma a 2020 ya rubuta cewa ma'aunin nasa yana iya kuskure mai tsanani, yana iya haifar da illar da bai yi nufi ba.

7.0 Darasi ga Manazarta Hausa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa duk giɓin da ya taɓa masanin kimiyya ya fi taɓa mai rubutu da Hausa. Masu karanta aikinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da na kimiyyar sinadarai, babban aikinsa sau da yawa littafi ne ba maƙala ba, mujallunsa kuma mafi yawansu ba sa cikin Scopus. Littafi irin Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988) da wuya a sami kundin digiri a kan tarihin rubutun Hausa da bai ambace shi ba, amma kundayen suna jibge a ɗakunan karatu na sassa, inda na'ura ba ta leƙawa. Kwatanta ma'aunin h na mai nazarin Hausa da na masanin kimiyya kamar gwada mudun gero ne da kwalbar man gyaɗa.

Amma kuka kaɗai ba ya magani, kuma ba duk laifin na ma'auni ba ne. Akwai abubuwa huɗu da ke hannunmu.

Na farko, mu gyara ambatonmu. Marubuci ya kawo sunan aiki da shekara da shafi daidai, kuma ya ambaci abokin aikinsa na gida idan daga gare shi ya ɗauka, ba sai Bature ba. Suna ɗaya da aka rubuta ta hanya uku, na'ura mutum uku take ɗaukarsa. Wannan ya shafi sunayen Hausawa ƙwarai, domin wani ya sa sunan gari a ƙarshe, wani sunan uba, kuma haruffa masu lanƙwasa sukan rikiɗe a rumbunan bayanai. Ya kamata masani ya tsayar da siga ɗaya ta sunansa tun farkon aikinsa.

Na biyu, a sanya tsofaffin mujallunmu da kundayenmu a intanet, kowace maƙala da tsakure cikin Hausa da Ingilishi. Rumbun mujallun Afirka na AJOL, wanda aka fara a 1998, misali ne na abin da zai yiwu. Abin da ba a gani ba, ba a ambatonsa.

Na uku, mu yi wa kanmu fihirisa. Sergio Baldi (1977) da Paul Newman (1996) sun tattara sunayen ayyukan da aka yi kan Hausa. Matakin da ya rage shi ne fihirisar da za ta nuna wane aiki ya ambaci wane, ta haɗa har da kundayen digiri. Cibiyoyin nazarin harsuna na jami'o'inmu, idan suka haɗa kai, za su iya.

Na huɗu, a samar da tsayayyun kalmomi na wannan fage, kamar yadda aka yi wa nazarin harshe da adabi a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan shawara ce, ana iya gyara su. Ma'aunin da ba mu iya bayyana shi da harshenmu ba, da wuya mu iya jayayya da shi a zauren majalisar jami'a.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi ƙidayar ambato daga fihirisar Garfield zuwa ma'aunin Hirsch, ta gwada ta a kan ayyukan Matthias, musamman gamin niyobiyam da dalma na 1954. An ga cewa ƙidayar tana da amfani wajen bin sawun tunani a cikin mujallun da ta sani, amma tana makara wajen gane tasiri, tana mance wanda iliminsa ya zama ruwan dare, ba ta bambance yabo da suka, kuma ba ta ganin abin da ba a yi masa rajista ba. Kwamitocin ƙarin girma suna iya duba lissafi, amma bai kamata ya sauke musu nauyin karanta aikin ba. Tarihin kolumbait a Jos ya isa ishara: shekaru ana tace shi ana zubarwa domin ma'aunin lokacin kuza kaɗai ya sani, sai da buƙata ta zo aka koma juji ana tonowa. Mujallu da kundayen da ke ɗakunan karatunmu kuwa takarda ce, ba dutse ba. Idan ba a adana su yanzu ba, gara da ɗanshi ba za su jira ranar da za a dawo nemansu ba.